Haƙorin Aradu na Mang Ocid

Mang Ocid manomin shinkafa ne a Surade, kuma duk ƙauyensu ba a san shi da komai ba sai wani haƙori da ya gada. Mahaifinsa, Abah, ne ya tono shi da fartanya a gona, baƙi wuluk, ya cika tafin hannu. Tsofaffi na kiransa haƙorin aradu. 'Yan boko kuma sun ce na wani ƙaton kifi ne da ya rayu tun ƙasar tana ƙarƙashin teku. Mang Ocid bai taɓa musu ba. Shi dai ya san ko rana ta take tsaka haƙorin sanyi ƙalau yake, kuma duk yaron da zazzaɓi ya kama, uwarsa takan zo ta ara ta ɗora masa a goshi.

Da aka fara sayen haƙora ana kai wa Turawa, sai ƙauyen ya koma ramuka. Engkos, ƙanen Mang Ocid, bai shiga rami ba. Sarkin wayo, ya koyi liƙe karyayyun haƙora da gam da roba, har mai saye ba ya ganewa.

"Kang Ocid, kawo in goge maka shi," in ji Engkos wata rana, don a yarensu Kang ake ce wa yaya. "Dubi datti, kamar an tsamo shi daga kwata."

"Kai dai hannunka ba ya zama lafiya," Mang Ocid ya ce yana dariya, ya miƙa masa.

Haƙori ya dawo yana sheƙi. Mang Ocid ya kai shi kunci yadda ya saba tun yana yaro, sai ya ji ɗumi. Ya gwada ɗaya kuncin. Roba ce zalla! Uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goya Engkos, shi ya yi masa aure. Ya mayar da abin cikin tukunyar shinkafa inda ya saba ajiye haƙorin, ya zuba ido ko ƙanen zai kawo kansa. Ina! Sabon babur ya bayyana a gidan Engkos, shi kuwa har hanyar masallaci ya canza don kada su haɗu.

Da damina ta sauka sai ga Eti, matar Engkos, afujajan, ko takalmi babu.

"Kang, jikin 'yarmu Neneng kamar wuta. Ara mini haƙorin Abah."

Ya ɗauko ya sa mata a hannu. Ta kai shi kunci, ta ɗago ta dube shi.

"Kang, wannan ai babu sanyi."

"Wuce da ita asibiti yanzu, ina bayanku," ya ce. "Wannan kuwa kai wa mijinki. Shi ya yi abinsa, sai ya ɗora wa 'yarsa."