Akun Ma'u da Gatanar Inno

Ban taɓa neman aku ba. Na yi kiwon awaki, na yi na kaji, na reni 'ya'yana da na wasu har gwiwoyina suka daina jin maganata. Ina zaune a Wurno gidan ɗana Sani, ina ganin lokacin miƙe ƙafa ya yi, sai Allah ya karɓi matarsa, aka bar mini 'yarsu Ma'u, yarinyar da ko famfara ba ta gama ba. Shi Sani albasa yake bi zuwa Kurmi, in mota ta tashi sai ranar da aka gan shi. A wata dawowa ya shigo da kwali mai huji-huji ya ajiye gabana. Na buɗe, na ga wani abu toka-toka, rabin jikinsa tsirara, baki ya kusa rinjayar kai.

Na ce, "Mi na wanga?"

"Ɗan aku na, Inna. Na kawo ma Ma'u, ko ta samu abokin hira."

"Kai kau gobe ka tahi. To wa ka ba shi abinci, wa ka kwashe kashinai?"

Ya sosa ƙeya. Kashegari ya bi motarsa.

Aikin ɗan aku ba shi da nauyi, sai dai ba ya ƙarewa. Da asuba in daka geron da na jiƙa tare da 'yar gyaɗa, in dama da ruwan ɗumi, in ɗiga a bayan hannuna kamar kunun jariri, don in ya yi zafi zai ƙone shi, in ya huce ya ƙi karɓa. In taɓa gindin wuyansa in ji ko na jiya ya sauka, kana in ba shi da ƙaramin cokali. Ruwan sha a sake safe da yamma, don duk abin da ya samu ciki yake jefawa. A share keji, a rataye shi jikin dogon yaro inda hayaƙin murhu ba ya kaiwa, inda kuma mussar maƙwabta, wato kyanwarsu, ba ta iya tsalle ta kai. Magariba ta yi a lulluɓe shi da tsohon zane. Ga shi wanda ya sayar wa Sani ya yi kashedi kada a bari ya ci albasa, wai ciwo take sa shi, a gidan da albasa take har ƙarƙashin gado. Sai na koma mai gadin albasa da tsufana.

Kowace mata ta shigo da nata sani. Wannan ta ce, "Kulu, ba shi tonka mai zafi, bakinai ya buɗe da wuri." Waccan ta ce a goga masa goro ga harshe. Na ce duk wadda ta sa wa tsuntsun nan wani abu a baki, ni da ita ne. Sun san ni, ba a sake ba.

Ma'u yarinya ce mai lura fiye da shekarunta. Tun rasuwar uwarta ta koma tafiya a hankali cikin gida, tana duban fuskata kafin ta yi magana, ba ta neman ƙarin tuwo ko da yunwa na cin ta. Gaban keji kaɗai take sakin jiki. Ta tsinko masa ɗanyen reshe ya yi ta gwaguya, ta yayyafa masa ruwa in rana ta yi zafi, ta ba shi labarin makarantarsu yana karkata kai.

Gashinsa ya cika, jar wutsiya ta fito, ya iya yin fito da baki, ya iya kukan akuya da ƙarar ƙyauren zaure. Wata safiya na sunkuya zan ɗauki kwanon ruwansa, sai na ji an ce bisa kaina, "Wash!" Muryata ce sak, har da nishin da nake ja bayanta. Ma'u ta yi dariya har ta zauna ƙasa. Can sai dariyar ta tsaya.

Ta ce, "Kaka, ni ka sa ki gajiya?"

Na ce, "Ɗauko tsintsiya."

Ta ɗauko. Amma da yamma ta rage tuwonta, ta ce ta ƙoshi. Ina zaune gaban murhu ina duban ragowar tuwon nan, sai Inno ta faɗo mini a rai.

Inno ita ta haifi babana. Ƙauyenmu yana bakin gulbin Rima kusa da Goronyo, tun ba a yi madatsar ruwa ba. Maza su kamo kifi, ita ta yi banda. Uwata ta rasu wajen haihuwar ƙanena Garba, aka zube mu biyu gaban Inno, tana da shekarun da nake da su yanzu ko ta ɗara. Bayan tuwon dare mukan kewaye wutar banda mu da yaran maƙwabta. Wutar banda ba a barin ta ta yi harshe, hayaƙi ake so, don haka haskenta ja ne can ƙasa-ƙasa, iyakarsa hannuwan Inno da gefen fuskarta. Warin tarwaɗa ya shiga gashinmu da zannuwanmu, ido ya yi ta ruwa, amma ba mai tashi, don wurin ne kaɗai mai ɗumi.

Inno ba mai wasa da yara ba ce. Ban tuna ranar da ta ɗora ni kan cinya ba. Sai dai in ta jera kifi ta zauna jiran juyawa, takan yi mana gatana, wadda wasu ke kira tatsuniya. Takan gyara murya ta ce, "Ga wata nan tahe, ku matsa mata wuri." Mu ce, "Mun matsa, ta zauna."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta matar masunci da ta tsinci ɗan aku ya faɗo daga kogon gawo. Matar ta kai shi gida, ta saƙa masa keji da kara, tana tauna gero tana ba shi daga bakinta. A nan Inno takan ja labari, ta bi aikin ɗaya bayan ɗaya, yadda ake sake masa ruwa, yadda ake kau da shi daga hayaƙi, yadda ake rufe shi in rana ta faɗi, har Garba ya ƙosa.

"Inno, wai yaushe akun ka magana?"

"Kai kau yaushe kay yi magana? Sai da kac cinye min rumbu guda. Rufa min baki."

Matar nan ba muguwa ba ce, Inno takan tsaya ta nanata wannan. Ba ta taɓa barin tsuntsun da yunwa ba. Sai dai aiki ya yi mata yawa, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga banda, ga yara, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa. Duk sa'ad da ta zo gaban keji tana ba shi abinci, sai ta ce, "Wa yak kawo min wanga kaya? Na gaji." Ta faɗa, ta ji sanyi a ranta, ta koma bakin aiki. Aku ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi, bai ce uffan ba.

Ana nan sai uwar matar ta makance a ƙauyensu can ƙetaren gulbi. Matar ta roƙi mijinta har da kuka, aka ɗauko tsohuwa cikin jirgi. Ta share mata ɗaki, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura ta ajiye gabanta. Ta juya ke nan za ta ɗauko ludayi, sai aka ce da muryarta sak, "Wa yak kawo min wanga kaya? Na gaji."

Tsohuwa ba ta gani, murya ta sani. Ta sha furarta, ta sa albarka. Da gari ya waye, babu ita babu sandarta, ta sa mai jirgi ya ƙetare da ita. 'Yar ta bi ta da keji bisa kai, tana rantsuwa, ta ajiye akun gabanta ya maimaita don ta ji da kunnenta. Tsohuwa ta ce, "Na yarda tsuntsu na yah hwaɗi. Amma ga wa yaj ji? Ɗiyata, kayanki sun yi miki yawa tun ban zo ba. Ba ni ƙara miki." Ba ta koma ba har ta rasu.

Mukan jira sauran. In mun ga ta miƙa hannu ga kifi sai mu ce, "Sai mi, Inno?"

"Sai kwana. Gatana ta bi hayaƙi."

Garba ya ce, "Da ni na, yanka akun nika yi."

"A yanka shi don mi? Ƙarya yay yi?"

Ni abin da na ɗauka a lokacin shi ne a kama baki gaban mai kwasar zance. Da shi na girma, da shi aka kai ni gidan miji a Maikujera. Ba na zama hirar tsakar gida, ina lura da wanda ya shigo da wanda ya laɓe, har aka san ni da haka. Na zaci gatanar 'yan gulma ce, kuma na zaci na gama gane ta.

Sai yammacin nan a Wurno, ga ragowar tuwon Ma'u gabana, ga bayana kamar an daka, na tuna wani abu da ban taɓa ba shi muhimmanci ba. In Inno ta kwashe kifin ƙarshe za ta miƙe, takan dafa ƙugu, ta buɗe baki, ta ja numfashi kamar mai shirin faɗar wata magana. Sai ta dube mu, ta ce, "Kun ci kun ƙoshi?" Kullum haka. Har haushi yakan ba mu, don ita ta zuba mana, ta ga mun ci. Yanzu da tsufa ya kai ni inda take, na san maganar da take fara zuwa bakinta, na kuma san ba ita ce take fitowa ba. Mu ne 'yan akunta, muna zaune muna karkata kai. Gatanar nan kanta take yi wa, mu dai muna kusa ne muka ji.

Ta gaji, babu shakka. Ni ma na gaji, ba zan ɓoye ba. Na so a ce a wannan shekarun ni ake dama wa kunu. Amma yarinyar nan tana auna tuwonta da nishina, kuma na ga wuyanta ya fara tsawo. Rannan ma tana wanke kwano ta ce, ba tare da ta ɗago ba, wai ai tana iya komawa wajen dangin uwarta a Rimawa.

Na ce, "Wa yac ce ki tahi?"

"Ba kowa."

"To zamna."

Bakina ba a yi shi don zaƙin magana ba. Wasu kakanni za su rungume ta su faɗi abubuwa masu daɗi, ni in na gwada sai ya fito kamar faɗa. Abin da nake da shi na yi. Da safe nakan gama nishina cikin ɗaki kafin in ɗaga labule. Na ɗauke tabarmar cin abinci daga ƙofar ɗaki na mayar gindin dogon yaro, daidai ƙarƙashin keji. Daga nan nake tsayawa in kira ta da ƙarfi, ko tana kusa: "Ma'u, taho ki ci!" In ta ce ta ƙoshi, in ce, "Ƙara," in zuba, ban jira ta yarda ba. Akun kuwa bai bar "Wash" ɗinsa ba. Abin da ya riga ya shiga ba ya goguwa. Duk sa'ad da ya faɗa, sai in ga idon yarinyar ya zo kaina.

Haka muka yi ta yi har zafin bazara ya shigo. Wata rana bayan azahar bayana ya riƙe, na kwanta gindin itacen ko wuta ban hura ba. Ma'u ta dawo makaranta, ta leƙo ta ga ina kwance, ta shige ɗaki shiru kamar yadda ta saba. Ina jin ta, na san ba za ta ce tana jin yunwa ba ko za ta kwana haka. Sai bisa kaina aka daka tsawa, da muryata, da kaushinta duka:

"Ma'u, taho ki ci! Ƙara!"

Ta fito a guje da kwanonta. Ta tsaya, ta dubi murhu a sanyaye, ta dube ni, ta ɗaga kai ta dubi keji.

"Kaka, shi na! Shi yak kira ni!"

"Na ji."

"Ƙarya yay yi kau, ba a dahwa komi ba."

Na ce, "Tsuntsun ga ba shi ƙarya cikin gidana. Kawo ashana."

Na dafa ƙasa zan tashi, gwiwoyina suka yi ƙara, "Wash" ɗin ya taso har maƙogwaro, na haɗiye shi. Akun ya faɗa a madadina. Ma'u ta fashe da dariya, na tsaya ina jiran in ga inda dariyar za ta yanke, ba ta yanke ba. Da ita ta tafi ɗauko ashana, da ita ta dawo.

Allah ya jiƙan Inno, ya sa ta huta hutun da ba ta samu gaban wutar banda ba. Ranar Ma'u ta cinye tuwonta tas, ban kai ga buɗe baki ba ta miƙo mini kwano da kanta.