Motar da ta taka wa kanta birki a Challawa

Shekarun baya, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, na samu aiki a wurin wani Alhaji mai kamfanin jima. Ofishinsa yana Bompai, ita kuma masana'antar da ake jeme fatun tana Challawa. Aikina bai wuce shirya takardun kaya ba, kuma a lokacin gwaji nake, ba a tabbatar da ni ba tukuna. Duk wanda ya san ni ya san halina. Ni ne mutumin da zai kulle ƙofa, ya kai bakin titi, ya dawo ya sake jijjiga kwaɗon. Mahaifiyata takan ce da ana sayar da tsoro, da ni zan riƙa ba 'yan Ɗorayi sari.

A damunar shekarar Alhaji ya sayo sabuwar jif, baƙa wuluk, mai tsayi, irin wadda in ta tsaya a ƙofar ofis sai leburori su ɗan rage tafiya. Ba zan faɗi sunanta ba, kada a ce talla nake. Direbansa kaɗai ke taɓa ta, wani magidanci mai barkwanci da ya daɗe tare da shi. Ni dai daga taga nake kallonta, kuma hakan ya ishe ni.

Wata safiya direban ya zo da tabarau baƙi, idanunsa sun yi jawur da ciwon idon nan mai yaɗuwa. Alhaji ya riga ya wuce Challawa a motar wani abokin kasuwancinsa, ya bar saƙo a kawo masa jif ɗin kafin azahar. Da aka gaya masa halin da direba ke ciki, sai ya ce kada ya kuskura ya shiga masa mota, a nemi wani mai lasin a ofis. Aka duba, aka ga ni.

Na yi ƙoƙarin bayani. Na ce lasin ɗin dai akwai, amma a tsohuwar motar kawuna na koya, kuma ban tabbata ba ko... Akawunmu bai bari na ƙarasa ba, ya ɗora mini makullin a tafin hannu. Abin da ya faɗo mini a rai ɗaya ne: in motar nan ta samu ko da ƙwarzane ne a hannuna, gwajin nawa ya ƙare.

Direban ya tsaya can nesa, ya riƙa ba ni darasi kamar mai kiran kasuwa.

"Ɗan boko, ka ji ni da kyau. Motar nan ba ta da aibu sai surutu. Ƙuda ya gifta sai ta yi ƙara. An ƙera ta ne don garin da kowa ke bin layinsa, ba don Kano ba. Kana tayar da ita ka shiga allon nan na gaba, ka danna nan, ka danna can, ka rufe mata baki. Har birkin da take takawa da kanta ka kashe shi. Rannan saura ƙiris ta sa mai a-daidaita-sahu ya shige mini ta baya."

Na ce, "To, Malam. Amma in na danna wanda ba shi ba fa?"

"Sai ta kai ka Legas," in ji shi, har maigadi yana dariya.

Na shiga, na yi bisimilla, na tayar. Allon ya kawo haske da hotuna birjik. Na ɗaga yatsa, na tsaya. Ina tsoron in taɓa wani abu kujerar Alhaji ta sauya zama, ko motar ta durƙusa a ƙasa in kasa tayar da ita. Na daɗe yatsana yana shawagi, daga ƙarshe na mayar da hannuna kan sitiyari. Na ce a raina, ta yi ta surutunta, na jure.

Ta kuwa yi. Daga Bompai har na fita cikin cunkoson gari, ba ta rufe baki ba. A-daidaita ya matso ta dama, ta yi ƙara. Mai babur ya shigo ta hagu, madubi ya kunna wuta. Mai tallan ruwa ya gifta, ta yi wani kukan daban. Da na ɗan kauce daga layi don in kauce wa rami, sai sitiyarin ya yi rawa a hannuna kamar mai tsawatarwa. Tun ina firgita har kunnena ya saba, na daina sauraro.

Amma gaskiya ɗaya ce, motar mota ce. Da na wuce Sharaɗa na hau hanyar Challawa, inda tireloli suka farfasa kwalta ruwan sama ya cike ramukan, ita ko a jikinta. Ramin da a motar kawuna sai kanka ya bugi rufi, a nan sai ka ji kamar an ɗan girgiza maka katifa. Kujerar tana hura mini sanyi a baya, abin da ban san ana yi ba. Sau ɗaya na so wuce wata tirela, na ɗan taɓa totur, kafin in gama shawara da zuciyata na ga tirelar a madubi. Hakan bai burge ni ba a lokacin, tsorata ni ya yi. Sannan in ka rufe gilashi, duniya ta ɗauke. Kana ganin bakin mutane yana motsi, ba ka jin komai. A wata kududdufa kusa da masana'antar na tsoma ta cikin taɓo har ya fantsama bayanta, ta fito ba gardama.

Na isa lafiya. Maigadin masana'antar ya nuna mini rumfar kwano da ake ajiye motar Alhaji, na shigar da ita a hankali, hancinta yana kallon katangar gabas. Na fito na zagaya ta, ba ƙwarzane, sai taɓo. Na je na bi jam'in azahar da zuciya wasai.

Akwai wani abu game da masana'antun nan da wanda bai yi aiki a cikinsu ba zai iya rashin sani. Ba kowa ke samun jam'i ba. Injin ba ya tsayawa, don haka masu kula da shi karɓa-karɓa suke yi: wasu su je salla, sai sun dawo sauran su fita. Wanda ya fito daga baya, masallaci kuma yana can ƙarshen fili, yakan nemi inuwa mafi kusa ya shimfiɗa buhu ko kwali. Kuma saboda masu baro da ke kai-kawo, yakan nemi abin da zai sa a gabansa ya zama sutura, don kada a gifta masa. Bango, ko ganga, ko mota a tsaye. Na san da wannan. Na sha gani. Ranar dai bai zo mini a rai ba.

Bayan salla aka ce Alhaji ya kusa fitowa, in kawo motar ƙofar ofis. Na zo ta gefen katanga, ta wajen hancin motar, na shige. Na sa giyar baya. Allon ya kawo hoton baya, amma ba a ganin komai sai ja-ja, taɓon ɗazu ya rufe idon kyamarar. Sai na yi yadda kawuna ya koya mini: na duba madubin dama, na duba na hagu, na waiga ta gilashin baya. Fili fetal. Motar tana ta ƙara, na ce wataƙila ƙarfen rumfar take gani. Ai tun safe take wannan kukan.

Na ɗaga ƙafa daga birki.

Ba ta yi wani motsin kirki ba sai na ji ta ƙame, har ƙeyata ta bugi kujera. Allon ya yi ja. Ni ban taka komai ba. Abin da na fara tunani shi ne na lalata wa Alhaji giya. Na biyu kuma, na yi tunanin ko dutse ne a bayan taya, in ɗan ba ta wuta ta haye. Ƙafata har ta doshi totur. Abin da ya hana ni ba hankali ba ne, tsoron kada in ƙara ɓata motar ne. Na mayar da giya wurin tsayawa, na buɗe ƙofa.

Ina buɗewa muryar maigadi ta faɗo mini a kunne, ashe tun ɗazu yake ihu yana gudu, gilashi ya hana ni ji. Na dubi ƙasa, na ga wani ruwa yana gangarowa daga ƙarƙashin tayar baya, ya haɗu da jar ƙasa. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni bayan motar ba.

Wani dattijo ne, ɗaya daga cikin masu kula da injin, mutumin Nijar, a kan buhunsa. Ya ɗago daga sujada ke nan ya zauna tahiya. Tsakanin bambar motar da inda goshinsa ya taɓa ƙasa, ban jin ya kai kamu guda. Ruwan kuwa na butarsa ne, wadda ya ajiye gefe a gindin taya, tayar ta murƙushe ta.

Bai yanke sallarsa ba. Muka tsaya ni da maigadi, da leburorin da suka taru, muna jira ya idar. Ban taɓa ganin tahiya mai tsawon wannan ba. Yatsansa yana motsi a hankali. Ya yi sallama dama, ya yi hagu, ya shafa addu'a. Sannan ya dubi butar, ya dube ni.

"Malam, butar nan fa ta aro ce."

Wani ya fashe da dariya, sauran suka biyo. Ni durƙusawa na yi.

"Baba, ku yafe mini. Ba ku ji motar ba?"

"Na ji wani abu yana ɗit-ɗit, na ɗauka wayar wani ce. Motocin da na sani in za su tashi sai sun yi tari." Ya naɗe buhunsa. "Tashi, ɗana. Kwana bai ƙare ba."

A haka Alhaji ya same mu. Maigadi ya riga ni ba shi labari, da hannu da ƙafa. Na lura Alhaji bai ko kalli motar ba. Wurin dattijon ya nufa, ya riƙe hannunsa, ya tambaye shi ko wani abu ya taɓa shi. Sai da ya tabbatar, sannan ya juyo gare ni.

"Kai ka taka birki?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ita ta taka."

"Direba bai ce ka kashe abin ba? Na san kullum sai ya kashe."

"Ya ce, ranka ya daɗe. Tsoron taɓa allon na ji."

Ya kalli fasasshiyar butar. Na miƙa masa makullin da hannu biyu, don a ganina magana ta ƙare. Bai karɓa ba.

"Allah Ya bar mana wannan tsoron naka," in ji shi. "A goge idon kyamarar nan. Ka mai da ni Bompai."

Na mai da shi, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, motar tana surutunta, ba wanda ya ce ta yi shiru. Da direban ya warke aka kafa masa doka kada ya sake kashe komai. Ya yi ta mita, yana cewa yanzu su biyu ke tuƙin, shi da gwaggonsa, wato motar. Amma na sha ganinsa daga taga, da tsumma a hannu, yana goge bayan motar kafin ya shiga. A masana'antar kuma aka kafa wata 'yar rumfa kusa da ɗakin injin don masu fitowa salla daga baya. Ni na kai wa dattijon sabuwar buta, ya juya ta ya ce ta fi ta da, sai dai mai ita ya gani. Mahaifiyata da ta ji labarin ba ta tsokane ni ba, waina ta sa aka soya aka rabar sadaka. Ba a daɗe ba aka tabbatar da ni a aikin.

Ban san darasin da ya dace in ce na koya ba. Ba zan ce a dogara da na'ura ba, tunda ɗan taɓo ya makantar da rabinta. Ba kuma zan ce direban wauta yake ba, don wanda ya tuƙa ta a cunkoson Kano ya san abin da ya gani. Abin da na sani shi ne Allah ne Ya tsare, kuma Ya tsare ta hanyar wani hali nawa da na daɗe ina jin kunyarsa.

Yanzu ina da 'yar ƙaramar motata, ba kyamara, ba ƙara, ba ta san ta taka wa kowa birki ba. Duk sanda zan yi baya sai na zagaya ta, na sunkuya na leƙa. Matata takan leƙo ta taga ta ce, "An fara ɗawafin?" Ni dai in ci gaba da leƙena. Wani lokaci in tarar da kyanwa, wani lokaci takalmin maƙwabci. Galibi dai ba na tarar da komai, kuma har yau babu abin da ke sanyaya mini rai kamar in leƙa in ga ba kowa.