Ranar da Na Ambaci Sunan Ɗana na Fari

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, ni uwar 'ya'ya ce a Kaura Namoda, ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba. Akwai wani wasan kwaikwayo da nake bi a rediyo, labarin wata mata da ke shiga jirgin ƙasa gari-gari tana neman ƙanenta da ya ɓace. Kwatsam aka daina sa shi, matar ba ta ga ƙanen nata ba. Abin ya tsaya mini a rai, sai na ɗauki biro na ci gaba da shi da kaina. Na sauke ta a tashar Kaura, na kai ta kasuwar Shinkafi, na kwanar da ita a Dauran wurin wasu Fulani. Shekaru ina yi. Matan unguwa kan zo bayan la'asar in karanta musu, har su yi mini faɗa in na wahalar da ita da yawa.

Akwai wata ɗalibar kwalejin foli da ta kama ɗaki a gidanmu. Inna take ce mini, tukunyarmu ɗaya. Ita ta ce takarda gara ke cinye ta, in bari ta buɗe mini imel ta riƙa buga labarin a gidan intanet tana ajiyewa a ciki. Ranar da za ta buɗe, ta ce ana buƙatar wata tambaya ta sirri saboda ranar mantuwa, wai sunan ɗana na fari. Na sunkuyar da kai. Mu a gidanmu uwa ba ta kama wannan sunan, ko a ɗaki ita kaɗai. Ta yi ta dariya tana cewa Inna ƙauyanci ya yi yawa. Na ce ai ta san shi, ta rubuta kawai. Daga nan duk abin da na rubuta sai in miƙa mata, ban taɓa cewa ta maido ba.

Da ta gama karatu ta koma garinsu, ta bar mini lambar sirrin imel ɗin a rubuce. Bayan wasu watanni na sa hijabi na taka har gidan intanet ɗin da ƙafa, tunda lokacin mace ba ta hawa kabu-kabu. Mai shagon ya buga lambar, ta ƙi. Ya sake, ya sake, har imel ɗin ya kulle. Ya ce Hajiya hanya ɗaya ta rage, ya karanto mini tambayar nan. Shagon cike da maza. Na roƙe shi in rubuta masa, ya duba ya ce bai gane hannuna ba, in faɗa kawai. Na tuna matar labarina da na bari a hanyar Zurmi, saura kaɗan ta ga ƙanenta. Na buɗe baki na faɗi sunan da ban taɓa faɗi ba tun ranar da aka raɗa shi. Ya buga, ya ɗago ya ce ba shi ba ne.

Da farko na yi wa ɗalibar uzuri, na ce ƙila kuskure ta yi. Na aika mata saƙo sau da dama, shiru. Sai ranar da maƙwabciyata ta shigo da wani littafi da ta saya a kasuwa, ta ce in karanta mata. An canza sunaye, an mai da jirgi mota, amma ga Fulanin Dauran nan, ga maganganun da na sa a bakinsu. Sunan ɗalibar nan ne a bango. A shafin godiya ta gode wa kowa, ba ni a ciki. Ashe tun ranar farko wata amsa ta zuba wadda ita kaɗai ta sani, tun tana cin tuwona.

Ban kai ƙara ba, ba ni da ko takarda ɗaya a hannu. 'Yan'uwana mata masu ɗan rubuce-rubuce, ku riƙe asalin takardunku, kuma in za a buɗe muku wani abu, ku tsaya a yi a gabanku, ku zaɓi tambayar da bakinku zai iya amsawa. Kunya abu ce mai kyau, amma ni a kanta na miƙa mabuɗina. Labarin zan iya sake rubuta shi, na ma fara. Sunan nan kuwa na riga na faɗe shi a gaban mazan da ban sani ba, kuma bai buɗe komai ba.