Takardar Milutin da Ba Ta da Hatimi

Milutin mai raba wasiƙu ya yi shekara talatin da huɗu yana hawa benayen unguwarmu a garin Cacak da jakar fata a kafaɗa. A iya sanina, bayan Allah, abu biyu ya yarda da su: hatimi da promaya, wato iskar nan da ke ratsa ɗaki idan an bar taga da ƙofa a buɗe lokaci guda. Dukanmu muna tsoronta, har ni da na ƙare rayuwata ina koyar da labarin ƙasa, amma nasa tsoron ya wuce misali. A wurinsa ita ta kashe kakansa, ita ta karkatar da bakin surukinsa. Asibiti kuwa, rabonsa da shi tun ranar da aka haifi 'yarsa Nevena.

Ƙofarsa tana kallon tawa a hawa na huɗu, don haka a kunnena aka yi rigimar tafiyar Nevena, shekara tara ke nan. Ya samo mata gurbi a gidan waya, ita kuwa ta ce wani tsibiri za ta a tekun Indiya, ta riƙa koya wa baƙi nutso. Ya daka mata tsawa yadda duk benen ya ji: "Wasa da kifi ba aiki ba ne!" Tun daga nan, in ta bugo waya da uwarta Grozdana take hira. Shi sai dai ya tambaya daga nesa ko tana busar da gashinta kafin ta fita.

Bara, wata biyu da yin ritayarsa, sai ga ambulan ɗin wasiƙa daga Nevena. A ciki akwai tikiti biyu, da jerin abubuwan da za a yi kafin tafiya, da wata takarda ta Turanci, da layi ɗaya da hannunta: "Baba, zo ka ga wurin aikina. Yana ƙarƙashin ruwa, mita goma."

Ya shigo gidana bai ko ƙwanƙwasa ba.

"Malam, kai ne mai Turanci. Duba min me yarinyar nan take so a yi."

Na karanto masa. Allurar rigakafin taifot da ta ciwon hanta. Ganin likitan haƙori. Man korar sauro. Man kare fata daga rana. Maganin gudawa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba a ce komai kan iska ba? Tsibiri fa, Malam! Ko'ina a buɗe, ba bango ko ɗaya!"

Daga ranar hawa na huɗu ya rikice. Ya je an yi masa allura a damtse biyu, ya dawo yana tambayata wanne hannun ne na taifot, don ya san wanda zai lallaɓa. Likitan haƙori ya yi masa bayanin cewa iska kan maƙale a ƙarƙashin tsohon ciko, in mutum ya yi nisa a ruwa sai ta taso masa da azaba. Milutin ya dawo yana murna kamar ya ci shari'a.

"Ka ji ko? Har cikin haƙori take shiga! Likita ne ya faɗa, ba ni ba."

Man sauro da man rana kuwa sun kusa raba aure. Grozdana ta ce na sauro ake fara shafawa, shi ya ce na rana. Da suka kasa daidaitawa sai ya shafa ɗaya a hannun dama, ɗaya a na hagu, ya zauna a kicin cikin sanyin Fabrairu yana jiran ya ga bambanci. Ita kuma tana can tana cusa safar ulu da tafarnuwa a akwati, da 'yar kwalbar barasar gida ta shafa ƙirji. Na ce mata can zafi ake yi shekara da shekaru. Ta dube ni a kaikaice ta ce, "Ka taɓa zuwa?" Ban taɓa ba.

Saura takardar Turanci. Tambayoyi ne kan lafiyar mai son yin nutso, a amsa da i ko a'a. Muka zauna a teburina da kofi, ni ke riƙe da biro. Farfaɗiya? A'a. Asma? A'a. An taɓa yi maka aiki a kunne? A'a. Sai na iso wadda nake gudu.

"Ka taɓa jin ƙirjinka ya ɗaure, ko numfashi ya gaza maka in ka motsa jiki?"

"A'a."

Na ajiye biron. Wata shida ina ganinsa yana tsayawa a hawa na biyu, dafe da ƙirji, yana yin kamar yana karanta sanarwar kuɗin wuta da aka liƙa tun bara waccan.

"Maƙwabci, hawa na biyu fa?"

"Wannan promaya ce. Ƙofar ƙasa ba ta rufuwa, kai ma ka sani. Sun tambayi promaya a takardar?"

"Ba su tambaya ba."

"To rubuta a'a." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Shekara takwas, Malam. Yau ne karo na farko da ta ce in zo."

Na rubuta a'a. Ba zan ɓoye ba, na san ƙarya nake rubutawa, kuma har gobe in na tuna sai kunya ta kama ni. Na so ya je ne kawai. A ƙasan takardar an ce wanda duk amsarsa a'a ce, sa hannu kaɗai zai yi, ba sai ya ga likita ba. Na nuna masa layin. Ya sa hannu, ya juya takardar gaba da baya, ya ɗaga ta saitin taga.

"Ina wurin hatimi?"

"Babu. Ba a buƙata."

"Haba Malam! Da iliminka? Takarda ba hatimi ai takardar ƙunshe kifi ce. In tafi har ƙarshen duniya, a mayar da ni daga bakin ruwa a gaban 'yata?"

Na yi bayani har bakina ya bushe, bai ji ba. Washegari ya sa rigar zuwa coci, ya ja ni muka shiga gari neman hatimi. A gidan waya tsohon abokin aikinsa ya ce yana iya bugawa, amma sai in aika takardar za a yi. A ofishin gunduma taga ta uku ta tura mu ta bakwai, ta bakwai ta ce a fara fassara ta, mai fassara kuma ya tafi jana'iza. Wani lauya ya ce zai buga cewa sa hannun na Milutin ne, amma ba zai buga cewa Milutin na da lafiya ba. Har wurin likitan dabbobi ya so mu leƙa, don shi ma hatiminsa zagayayye ne. Zuwa la'asar ni kaina na soma shakka, ina cewa a raina anya ba shi ke da gaskiya ba.

Wata mai shara ce a gunduma ta ce, "Ku dattawan nan, takardar lafiya ai a asibiti ake buga ta."

Ofishin likitar yana hawa na uku. Kafin mu kai, fuskar Milutin ta koma kalar toka, gumi na tsatstsafo masa a goshi. Likitar yarinya ce, kuma ashe shi ya kai mata wasiƙar samun gurbin jami'a.

"Kawu Milutin! Lafiya? Zauna tukuna."

"Lafiya lau, 'yata. Hatimi kawai za ki buga min a nan." Ya haɗiye numfashi. "Kar ki damu da wannan, iskar matakalarku ce. Ta gidanmu ma haka take min, ta kama nan, ta sauka hannun hagu. In na tsaya minti biyu sai ta sake ni."

Ta dubi takardar, ta dubi jerin a'a ɗin, ta dube ni. Na sunkuyar da kai kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

"Tun yaushe take kama ka, Kawu?"

"Tun kaka."

Ta tashi da kanta ta rufe tagar, abin da ya sa nan take ya yarda da ita. Ta kwantar da shi, ta liƙa masa wayoyi a ƙirji, ta daɗe tana duban takardar da na'urar ta fitar. Sannan ta buɗe aljihun tebur ta ciro hatimi. Milutin ya washe baki. Ta buga shi a kan wata takarda dabam, ta tura Milutin babban asibiti a ranar.

Jijiyar zuciya ce ta kusa toshewa. Suka zura masa wani ɗan bututu suka buɗe ta. Babban likitan ya ce min da ya sauka mita goman nan da tukunyar iska a baya, da wuya ya hauro da ransa. Nutso kuma, ya manta da shi har abada.

Ban taɓa ganin Milutin ya karaya irin na ranar ba. Da Nevena ta bugo, ya karɓi wayar daga hannun Grozdana, karo na farko cikin shekara takwas, ya ce, "Nevena, ba su ba ni hatimin ba." Ta can ɓangaren na ji tana tambaya cikin kuka, "Wane hatimi kuma, Baba?"

Sai a watan Nuwamba suka tafi, da izinin likita a rubuce, hatimi biyu a kai. An yarda ya kwanta a saman ruwa kawai, da rigar da ke hana nutsewa da gilashi a fuska. Ya dawo rana ta saɓule masa hanci, ya same ni a teburin nan da muka yi ƙaryarmu.

"Ruwan garau yake, Malam, har ƙasa ake gani. Tana can ƙarƙashina da mutum shida. Ta ƙirga su da yatsa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba agogon iskar kowa. Wani ƙato ya firgita zai yunƙuro sama, ta riƙe shi, ta kafe shi da ido har ya natsu. Ta sake ƙirga su. Ni wasiƙu na yi ta ɗauka, in ɗaya ta ɓace a sake rubuto wata. Ita fa?"

Ya juya kofinsa a kan faranti.

"Da ta hauro jirgin ruwan da ya kai mu, na ce mata aiki ne. A gaban mutanen na faɗa, da ƙarfi, yadda na faɗi waccan ta wasa da kifi."

"Me ta ce?"

"Zama ta yi kusa da ni gashinta sharkaf, iska na kaɗawa ta ko'ina. Na ɗauko tawul zan yi magana, sai na fasa. Ita ta miƙo min kan da kanta."