Tashar Kafanchan a Ɗakin Baya

Duk wanda ya san Maharazu a Landan cikin shekarun nan na kuɗin mai zai ce maka mutum ne mai shiru-shiru. In an idar da sallar Juma'a a masallacin Regent's Park yakan gaisa da kowa hannu bibbiyu, sannan ya sulale kafin a buɗe hirar kwangila da farashin Marsandi. Makanikin jirgin ƙasa ne a garejin Stratford. Reluwe ce ta turo shi kwas na wata goma sha takwas a 1964. Kwas ya ƙare, aiki ya samu, ya ce bari ya ƙara shekara ɗaya, ga shi har an shiga 1975 bai gama ƙara shekara ɗayar nan ba.

Abin da ba wanda ya sani, in ban da matarsa Luba, shi ne ɗakin baya. Ɗakin 'yarsu Yelwa ne a da. Da ta isa shiga makaranta aka mayar da ita Zariya wurin kakarta don kada bakinta ya juye, ɗaki ya zauna fayau, uban kuma ya rasa inda zai sa kansa in ya taso aiki. Wata Asabar ya ga ɗan ƙaramin kan jirgi a tagar wani kanti, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, yana zagaye da lantarki. Ya shiga da niyyar tambaya kawai, ya fito da kwali a hammata.

Shekara shida ke nan. Yanzu katako ne a kan ƙafafu daga bango zuwa bango, sai ɗan fili a tsakiya inda mutum zai sunkuya ta ƙasa ya ɓullo ya tsaya. A kan katakon kuwa tashar Kafanchan ce sukutum, garin da ya tashi: mahaɗar da layin Jos ke rabuwa da na Kaduna, loko inda ake gyaran kawunan jirgi, gidajen ma'aikata, duwatsun Kagoro da ya gina da tsofaffin jaridu da gam. Tankin ruwan da gwangwanin madara ya yi shi. Bishiyoyin mangwaro soso ne da koren fenti. Har teburin mai shayi akwai, na tsinken ashana. Aiki ne mai kyau, gaskiya ɗaya ce. Amma a ce magidanci gemu-gemu da shi, mai shekara arba'in da uku, yana durƙusawa yana cewa "kuu" da baki in jirgi ya taho kwana, ai wannan ba labarin da za a kai gida ba ne. Shi ma ya sani. Shi ya sa labulen ɗakin ba ya ɗaguwa, in kuma an yi baƙi sai a ce musu sito ne.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo daga Lawal, ɗan baffansa. Lawal ya samu kwangilar siminti, ya zama abin da ya zama, zai kuma turo mahaifinsa Alhaji Nata'ala Landan a cire masa yanar da ta rufe masa ido. Wata biyu zai yi. Lawal bai ma tambayi inda tsohon zai sauka ba, don ba abin tambaya ba ne. Alhaji Nata'ala ƙanen mahaifin Maharazu ne, shi ya ɗauke shi yana da shekara huɗu bayan rasuwar uban, ya haɗa shi da 'ya'yansa a kwano ɗaya, ya sa shi makaranta, ya kai shi reluwe da hannunsa. Shi kansa tsohon shekara talatin ya yi a kan jirgi, daga mai zuba kwal har ya zama direba.

Luba ta ce a kwance katakon a sa gado. Maharazu ya ce ba ya kwantuwa, da ƙusa da gam aka haɗa shi, sai dai zarto. Ta ce to su koma falo su ba Baffa ɗakinsu. Ya ce falon da sanyi. Ta dube shi ta gefen ido, don ana tsakiyar watan Yuni. Gaskiyar da ya kasa faɗa ita ce, duk inda aka kwantar da tsohon a gidan nan, cikin wata biyu sai ya tambayi abin da ke bayan ƙofar can. Maharazu yana tsoron wannan tambayar fiye da komai. Mutumin da ya sha hayaƙin jirgin gaske har huhunsa ya yi baƙi, a ce ya zo ya tarar ɗan da ya raina ya ƙare a wasan yara, alhali sa'o'insa suna can suna gina benaye.

Sai ya zauna ya rubuta wa Lawal cewa flat ɗin, wato gidan da suke ciki, ƙarami ne, kuma council, hukumar unguwa, ba ta yarda baƙo ya wuce kwana uku ba. Ya ce amma ya kama ɗaki mai kyau a gidan wata nas 'yar Kagoro, Tabitha, da mijinta Kambai, masu ba da haya kusa da asibitin. Luba ta karanta wasiƙar kafin ya liƙe, ta ajiye a kan tebur a hankali.

"Baban Yelwa, baƙonka Annabinka. Wannan kuwa ba baƙo ba ne, ubanka ne."

Ya lashi kan sarki ya manna.

Tsohon ya iso, Maharazu ya tarye shi a filin jirgin sama ya kai shi gidan Tabitha. Ko a fuska Alhaji bai nuna komai ba, ya ce ai dokar gari dole a bi ta, Allah ya yi albarka. Wannan albarkar ta fi zagi zafi. Kullum Maharazu ya taso aiki sai ya biya da kular tuwo, ya zauna ya yi ta hidima fiye da kima, irin ta wanda ya san abin da ya shuka. Tun daga nan bai ƙara jin daɗin ɗakin baya ba. In ya kunna jirgi ya zagaya sau biyu sai ya kashe, kamar wanda ke cin abinci a gaban mai azumi.

Lahadin da ta gabaci aikin idon, Luba ta kafe sai Baffa ya zo ya ci abincin rana a gidan ɗansa. Maharazu ya ɗauko shi a tasi. Aka ci shinkafa da miyar kaza, aka yi hirar mutanen Kafanchan, wanda ya rasu da wanda ya yi ritaya. Da azahar ta yi tsohon ya ce zai kama ruwa. Maharazu ya miƙe zai raka shi, ya ce a'a, shi ba makaho ba ne tukuna, a dai gaya masa ƙofa ta nawa. Aka ce ta biyu a dama. Ya bi bango da hannu. Ko ya ƙirga ƙofar kicin ko bai ƙirga ba, Allah masani. Ranar kuma, cikin rawar jikin tarbar baƙo, an manta ba a murza makullin ɗakin baya ba.

Shiru ya yi yawa, Maharazu ya leƙa. Ya tarar da baffansa tsaye a bakin katako, ya sunkuya, yatsunsa biyu suna bin layin dogo sannu a hankali. Maharazu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tsaya riƙe da ƙofa kamar ɗan makarantar da aka kama.

Yatsun suka kai mahaɗa, suka tsaya, suka bi reshe ɗaya suka dawo suka bi ɗayan. Suka shafa loko, suka hau duwatsu, suka sauko kan gwangwanin madara.

"Wannan Kafanchan ce," in ji tsohon, ba tare da ya juyo ba. "Amma tankin ruwan ba nan yake ba. Sai ka wuce loko tukuna. A nan da ka sa shi, jirgin Jos zai tare wa na Kaduna hanya in yana shan ruwa."

Daga nan ya miƙa hannu ya taɓa bangon dama, ya matsa ya taɓa na hagu, kamar mai gwada faɗin ɗaki. Ya tambayi ina ne banɗakin, ya yi alwala, ya yi salla, ya sa wa Luba albarka, aka mayar da shi masauki.

Kwana uku Maharazu yana juya abin a ransa. Da tsohon ya yi faɗa, da ya samu sauƙi, don faɗa yana da ƙarshe. Amma hannun nan da ya taɓa bango biyu ya hana shi sakat. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ya sani tun yana yaro, kuma wanda ya koya masa karin maganar shi ya yi wa ƙaryar. Ranar Laraba aka yi aikin, aka ce ya yi kyau, za a cire bandeji bayan mako guda. Ranar Asabar da hantsi Maharazu ya aro zarto a wurin maƙwabci. Luba ta ce ya dakata ya fara yin magana da Baffa. Ya ce maganar me kuma ta rage. Ya kwashe jiragen ya zuba a kwali, sannan ya sa zarto ta tsakiyar tasha. Duwatsun Kagoro suka ruguje suka koma jarida, har ana iya karanta kanun labaran shekarun baya a cikinsu. Hawaye yake yi yana yanka, bai kuma san ko na shekara shidan ba ne ko na kunya. Kafin la'asar ya sauke guntayen bakin bola, ya wanke ɗaki, ya sayo gado da katifa sabuwa fil, Luba ta shimfiɗa zanen gadon aurenta.

Washegari ya sa babbar riga ya tafi ɗauko baffansa. Tabitha ce ta buɗe masa ƙofa, ta ce ya zo a daidai, yanzu ta gama ɗiga wa Baba magani. Ya same shi a falo a kan kujerar Kambai ta kusa da taga, ido ɗaya a naɗe, kofin kunun gyaɗa a gefensa. Tabitha ta ce ai Baba ya san mahaifinta, ashe shi ne mai ba jirage hannu a tashar Kagoro, yau da safe har sun kusa makara coci saboda labari. Ta faɗa da fara'a, ba da wata manufa ba. Maharazu ya ji kowace kalma a ƙirjinsa.

Da ta fita ya durƙusa ya ce, Baffa, an gyara ɗaki, ya zo ne ya tafi da shi gida. Tsohon ya yi murmushi ya ce ai ya saba da nan, yarinyar nan ta san lokutan maganinsa, ba ya son ya ɓata mata tsari, ga shi saura kaɗan ya koma. Ya faɗa da taushi, amma Maharazu ya san muryar, ba a sake tambaya bayanta.

"Abu ɗaya nake so," in ji tsohon. "Ranar Laraba in an buɗe idon nan, ka kai ni in ga Kafanchan ɗin. Ta gaske ta lalace, Maharazu, tun da aka kawo jiragen dizal loko ya zama kango. Taka ce irin wadda na sani. Ka gyara tankin?"

Ƙarya ta zo har bakinsa, a shirye, mai sauƙi. Zai iya cewa yana kan gyarawa. Ya haɗiye ta da ƙyar. Kansa a ƙasa ya faɗi komai: babu wata doka ta council, kunya ce ta sa ya ɓoye, kuma jiya ya sa zarto ya yanka katakon ya zubar, gado ne yanzu a wurin.

Tsohon ya lalubo kofin kunun ya riƙe, bai sha ba.

"Dokar council kam, tun ranar da na sauka Kambai ya ce mini bai taɓa jin ta ba," ya ce. "Na yi shiru ne don na zaci matarka ce ba ta so, ban kuma so in haɗa ku. Ashe na ɗauki alhakin baiwar Allah." Ya juyo da idon da ba a naɗe ba wajen da yake jin numfashin ɗansa. "Wa ya ce maka gado na zo nema? Shekara talatin ina kwana a gefen layin dogo. Da tabarma ka shimfiɗa mini a ƙarƙashin katakon nan, da na fi kowa jin daɗi a garin nan."

Daga kicin Tabitha ta ɗaga murya tana tambaya ko Malam Maharazu zai tsaya cin abinci. Tsohon ne ya amsa mata, ya ce ta zuba da shi, ai baƙo ne.