Kofin Lindsay ya yi rashin nauyi

Yana share bakin kofin da bayan wuƙa na shigo kicin ɗin. Kullum da safe haka Lindsay yake yi: ya nutsa tsohon kofin tangaran cikin ƙwayar furen rana, ya share tozon, ya juye cikin ƙullin burodi. Na daɗe ina maƙwabtaka da su a nan Allora, ban taɓa ganin ya ƙara ko ya rage ba.

Babbar gonar tuni ya bar wa wasu. Abin da ya riƙe shi ne ɗan fili a bayan gida, inda yake shuka irin da ya gada wurin mahaifinsa. Idan furannin suka buɗe, sai ka ce ƙasa ce ta kunna fitilu da rana tsaka. Daga nan yake ci, daga nan yake ware na shuka, sauran kuma fararen aku su sace, yana zaginsu yana dariya.

Ranar, matarsa Merle ta ajiye ƙaramin sikeli a teburi.

"'Yarka ta ce ka auna mata ƙwayar da giram. Wai kofinta ba irin naka ba ne, burodinta kamar bulo."

"Hannunta ne bulo," in ji shi. "Ke ta gado."

"To, sarkin tuya. Auna dai, tsoho, shayin baƙo na hucewa."

Ya juye kofi ɗaya na ƙwayar bana a kan sikelin. Giram ɗari da goma sha biyar. Merle ta ce ai 'yar ta ji ana cewa kofi ɗaya yakan kai ɗari da arba'in.

"Sikelin birni ne, ƙarya yake."

Ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da kwalbar da ragowar ƙwayar bara take ciki. Ya cika kofin, ya share, ya juye. Ɗari da arba'in da ɗaya.

Bana ruwa ya ɗauke mana tun furanni ba su gama cika ba, kowa ya sani. Amma Lindsay ya yi ta cewa irin babansa ba ya jin fari. Kofin ma ya goyi bayansa, don kullum cika yake yi. Ya ɗebi ƙwayar bana a tafin hannu, ya matsa kusa da taga. Sirara ne, sun yamutse kamar fatar yatsunsa. Idan wanda ake ci ya rame haka, na shuka da ke buhu a rumbu fa? In bai tsira ba, irin ya ƙare ke nan, babu wani mai shi.

"Kin sani?" ya tambaye ta.

"Haƙorana sun sani tun watan jiya."

"Shi ne kika yi gum?"

"Kai ake faɗa wa magana?"

Ya ɗan murmusa. Ya rufe ƙullin da tsumma.

"Daga yau ba a ƙara ɓare ko ɗaya. Zan zazzage buhun, in tsince masu nauyi. Ko cikin hula ɗaya na samu, ya isa layi biyu."

"Burodin fa?" in ji Merle.

"Ku ci shi gaya. Maƙwabci, ka yi haƙuri."

"'Yarka kuma in ce mata nawa?"

"Ɗari da arba'in. Na shekarar kirki."

Ya ɗauki sikelin ya saƙala a hammata, ya ɗora hularsa, ya tura ƙofar baya da kafaɗa ya fita.