Kwana Ɗaya a Tarka da Ƙafar Yayana

Mun tashi daga Tanut da asuba, ana sallame salla, ni da yayana, a bayan wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da ke zuwa Balbeji jajibirin kasuwa. Dalilin tafiyar ba wani babba ba ne. Marigayi mahaifinmu ya bar shanu a hannun wani amininsa Bafillace a kwarin Tarka, shekara biyu ba wanda ya leƙa su. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, muna hutu. Yayana magini ne, irin mutanen da ke hawa tsani da bulo biyu a kafaɗa suna hira. Ya ajiye ginin da yake yi, ya ce kwana biyu ba za su kashe mai gida ba.

Kwalta ta kawo mu Sabon Kafi, in dai za a kira abin da ramuka suka rage kwalta. Nan muka sha shayi da burodi, mai shayin yana kukan tsadar hatsi, wai tiya ɗaya yanzu sai mutum ya yi shawara da iyalinsa kafin ya taya. Daga nan muka saki kwalta muka yi yamma cikin rairayi. Bazara ce, ciyawa ta ƙare, sai aduwa da ƙashin dabbobi a gefen hanya. Sau biyu mota tana kafewa muna sauka turi. Wani Buzu mai baƙin rawani bai ko motsa ba, ya ce shi kuɗin zama ya biya. Muka sayi cuku wurin wata mata, muna gaguya muna dariyarsa.

Kafin azahar aka sauke mu, muka taka zuwa rugar. Dattijon, aminin mahaifinmu, ya rungume mu har da ƙwalla, aka kawo nono da fura, ya sa aka kama akuya. Da rana ta ɗan yi sanyi ya kai mu rijiya, inda shanun ke jiran ruwa.

Rijiyoyin can ba irin namu na gida ba ne. Zurfinsu ya sa raƙumi ke jan guga: a ɗaura masa igiya, a kora shi ya yi nisa, sannan guga ta fito. Yayana ya hango bakin rijiyar ya tsage, hannun magini kuwa ba ya haƙuri. Ya matsa yana dubawa, bai lura ya taka cikin naɗin igiya ba. Aka kori raƙumi. Igiyar ta shaƙe ƙafarsa ta dama, ta fizge shi, ta ja shi a ƙasa kafin a tsayar da dabbar. Na ji ƙarar gwiwarsa daga inda nake tsaye.

Da muka isa kansa, gwiwar ta goce, ƙwauri ya koma baya. Wani tsoho maɗori da ke cikin masu shayarwa ya sa aka danne shi, ya ja, ta koma wurinta. Jini ko ɗigo babu, sai ƙujewa. Kowa ya ce an auna arziki. Yayana da kansa, gumi na zuba, ya ce, "Raƙumin nan ya san ban biya kuɗin kallo ba."

Matar dattijon ce ta fara lura. Ta zo da ruwa, ta dafa tafin ƙafarsa ta dama, ta dafa ta hagu, ta dube ni.

"Ɗana, wannan ta yi sanyi kamar gindin randa. Ku kai shi likita."

Akwai motar wani mai sayen dabbobi da za ta fita Balbeji bayan la'asar, direban ma ya ce akwai wuri. Yayana ya dube ni, don a gidanmu duk abin da ya shafi asibiti da takarda ni ake tambaya. Na ce gwiwa ta koma, ba karaya, an riga an yanka mana akuya, abin kunya ne mu bar nama a wuta mu tafi. Na ce gobe da safe motocin kasuwa na nan birjik. Ni na faɗi haka, ba wanda ya sa ni. Muka kwana.

Gari na wayewa ƙwaurin ya kumbura ya yi tauri kamar icce, yatsun sun yi duhu. Ya daina barkwanci. A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa, majo, wato babban malamin jinyar wurin, ya kwance ɗaurin, ya danna bayan ƙafar da gefen idon sawu yana neman bugun jini. Ya daɗe yana nema. Ya soka masa allura a babban yatsa, yayana bai ji ba. Ya tambaye ni yaushe abin ya faru, na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba, ya dai rubuta takarda da sauri, ya kira ambilans ya ce Damagaram kai tsaye, kada mu tsaya ko shan ruwa.

Hanyar da muka yi wa dariya jiya ita muka sake bi, kowane rami sai na ji shi a jikina. Direban ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Jandarma na ganin motar suka ɗaga mana igiya. A Bakin Birji masu talla suka rugo da mangwaro, suka leƙa taga, suka koma da baya.

Likitan tiyatar da ya karɓe mu a Damagaram mutum ne mai magana a hankali. Bayan ya duba, ya ja ni gefe da takarda a hannunsa. Ya ce a bayan gwiwa akwai babbar jijiyar jini guda, ita ke ciyar da duk abin da ke ƙasa. In gwiwa ta goce, jijiyar kan yage daga ciki, ko da an mayar da ƙashi, ko da ba a ga jini a waje ba. Ya ce akwai abubuwan da suke haɗawa su kintaci ko ƙafa za ta tsira: irin raunin, don yankan wuƙa ya fi sauƙin gyara a kan fizga da murƙushewa, ko akwai karaya, ko jinin mutum ya faɗi, ko ƙafar na ji, tana motsi, yadda naman ƙwauri yake, sai kuma awa nawa ta yi babu jini. Yana faɗa yana nuna mini inda yayana ya samu sauƙi da inda bai samu ba. Ba karaya, jininsa bai faɗi ba, jikinsa da ƙwari. Da ya zo kan lokaci sai ya ajiye biro. Ya ce an fi son a gyara jijiyar cikin kamar awa shida. Mu mun kusa kwana da yini.

Na ce, "Likita, da na kawo shi jiya fa?"

"Allah ne masani, malam. Hanyarku da nisa, wataƙila ko jiya kun makara. Amma da na shiga tiyata ina sa rai. Yau zan shiga ne in ga abin da ya rage."

Ya shiga ya gani. Naman ya mutu, barinsa zai kai guba cikin jini. Yayana ya sa hannu da kansa, aka yanke daga saman gwiwa.

Mun yi kusan wata a asibitin. A ɗakin akwai wani ɗan kabu-kabu da babur ya kayar, irin raunin yayana sak, amma a cikin gari abin ya same shi, aka kawo shi nan take. Na ga ranar da ya fara taka ƙafarsa. Na yi masa barka, na fita waje na daɗe ban dawo ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, amma na saye shi da tsada. In mutum ya bugu a gwiwa, kada a tsaya ga ƙashi ya koma ko jini bai fita ba. A taɓa tafin ƙafar, a gwada da ɗayar. In ta yi sanyi, ko ta canza launi, ko ba ya jin taɓi, a tashi a lokacin, da kowace mota aka samu. Ɗori ba ya ɗinke jijiya.

Da aka sallame mu, mun iso Tanut da hantsi. Matar yayana da 'ya'yansa na zaure, maƙwabta sun cika ƙofar gida. Na tallafe shi har ɗakin mahaifiyarmu, muka zaunar da shi a tabarma. Inna ta daɗe tana kallon wandon da aka naɗe, sannan ta juyo gare ni.

"Kai da ka yi boko, ba a samu mota da wuri ba ne?"

Na buɗe baki, yayana ya riga ni.

"Inna, daji ne. Ba mota sai da safe."

Ta gyaɗa kai ta ce haka Allah ya so, ta sa mini albarka a kan wahalar jinya. Na sunkuyar da kai na ce amin. Har yau ban gyara mata maganar ba.